Kurmin bayan makaranta: littafin aikin ceto itatuwa biyu a tsaunin Mambila

Asabar, 11 ga Nuwamba, 2023

Yau na buɗe wannan littafi, domin na lura idan ban riƙa rubutawa ba abubuwa da yawa za su ɓace mini. Ruwa ya ɗauke, ciyawar tudu ta fara ja, sanyin asuba kuma ya kai a ƙara bargo. A gangaren bayan makarantarmu, inda ƙorama ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, itatuwan nan sun yi fure fari fat, tun daga kan hanyar mota kana hango su.

Ni malamin aikin gona ne a wata makarantar sakandare a ƙaramar hukumar Sardauna, jihar Taraba. Kurmin da nake magana siriri ne, faɗinsa bai fi jifa biyu ba, tsawonsa tafiyar minti ashirin. Wanda ya san Mambila ya san irinsa: tudu duk ciyawa iya ganinka, sai a cikin kwari ka ga layin duhun itatuwa yana bin ruwa. Shekara da shekaru ina ratsa shi in je masallacin Juma'a, ban taɓa tsayawa na tambayi sunan ko itace ɗaya ba.

Bara wani tsohon ɗalibina da ke karatun ilimin tsirrai a jami'a ya zo hutu. Muna tafe bakin kurmin sai ya tsaya, ya tsinko ganye, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Malam, ka san abin da kuke da shi a nan kuwa?" Mai farin furen, in ji shi, sunansa a wurin masana Dombeya ledermannii. Wani ƙaramin itace kuma da ke can ƙasa daf da ruwa, mai ganye kamar an shafa masa mai, shi ne Eugenia gilgii. Duka biyun, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai a ce abu ya ƙare a daji. A duk faɗin duniya ba a samun su sai a tsaunukan Najeriya da Kamaru. Na farkon an san shi a Mambila da tsaunin Jos da tuddan Bamenda.

Sunayen ma suna da labari. Ledermann mutumin Suwizalan ne da ya yi yawon tara tsirrai a Kamaru a 1908 da 1909, zamanin da nan Mambila ke ƙarƙashin Jamus. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ƙasar nan ta shigo Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Itacen bai san an ja iyaka ba, dutsen ɗaya ne ya miƙe daga nan har Bamenda.

Yara ba sa iya riƙe waɗannan sunaye, don haka suka raɗa nasu. Mai furen suna ce masa farar huda, ɗayan kuma gwaibar rafi. Ni ma da su zan riƙa amfani a nan. Mu goma sha huɗu ne a aikin: ni, da mai gadin makaranta wanda kowa ke kira Baba, da ɗalibai goma sha biyu, biyar mata.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Mun yi ƙidaya. Muka rabu gida biyu, kowane rukuni ya bi gefe guda na kurmin da gwangwanin jan fenti, duk itacen da aka ƙirga a ɗiga masa a gindi. Farar huda talatin da ɗaya muka samu, kusan dukkansu a baki-baki, inda kurmi ya haɗu da ciyawa. Ba ta son duhun ciki, haske take so. Gwaibar rafi ta fi yawa, mun ƙirga hamsin da bakwai kafin duhu ya kore mu.

Na daɗe a gindin wata babba ina duban furen. Cure-cure yake fitowa a kan reshe, kowane fure da fiffike biyar, ƙudan zuma kuwa sun yi masa ca, kukansu kamar injin niƙa daga nesa. Ganyen faffaɗa ne mai siffar zuciya, jijiyoyinsa sun watsu daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu. Baba ya sa wuƙa ya ɗan ɓare ɓawon wani busasshen reshe, ya ja, sai ga zare ya biyo. Ya ce da irinsa iyayensu ke ɗaure jinka. Ba abin mamaki ba ne, domin dangin rama da kuɓewa da auduga ne. Gwaibar rafi kuwa danginta su ne gwaiba da kanumfari da malmo, har da itacen turare da ya cika garuruwanmu.

Abin da ya hana ni barci shi ne wannan: a cikin talatin da ɗayan nan babu ƙarama ko ɗaya. Duk manya ne, wasu ma sun fara ruɓewa a gindi inda wuta ta sha lasar su. Mun durƙusa mun duba ƙasa taku bayan taku, babu tsiro mai tsawon gwiwa, babu mai tsawon kamu. Gari ne na tsofaffi zalla, ba a jin kukan jariri. Ƙasar bakin kurmin ta daddaɓe da sawun kofato, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malam, ta yaya za a ce abu ya kusa ƙarewa alhali ga shi nan birjik a bayan ajinmu?" Na ce mata wanda ke zaune bakin rijiya ɗaya tak da ta rage a gari, shi ne na ƙarshe da zai yarda ana ƙishirwa.

Asabar, 9 ga Disamba

Na je wurin Arɗo. Sati biyu ina juya yadda zan shigar da maganar, domin a Mambila zancen shinge ba ƙaramin zance ba ne. Duk wanda ya zauna a nan ya san jinin da aka zubar a 2017 a kan ƙasa da kiwo, kuma har yau idan mutum ya kafa turke a daji sai an tambayi abin da yake nufi. Don haka na fara biyawa ta wurin Jauro, mai garinmu, na yi masa bayani, shi ya haɗa ni da ƙaninsa ya raka ni ruga. Na riƙa goro da sukari.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi da sanyi, aka kawo mana kindirmo a ƙwarya. Na ce, "Allah ya ja zamanin Arɗo, wata alfarma na zo nema." Na kwashe labarin itatuwan na faɗa masa, har da cewa babu irinsu a Makka, babu a Ingila, babu a ko'ina sai a kan dutsen nan namu. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malam, na ji. Amma saniya ba ta san itacen duniya ba, ruwa ta sani. Ƙoramar nan tun kakana muke shayarwa a cikinta. In ka rufe ta, ina zan kai su?"

Gaskiyarsa ce, kuma ban zo da niyyar rufe ruwa ba. Na roƙi abu biyu. Na farko, a bar mana gefen gabas, daga gindin dutse zuwa wurin da ɓaure ya faɗi, mu kewaye shi, mashayar da ke ƙasa kuwa ta zauna a buɗe yadda take, mu ma za mu taimaka mu jera duwatsu a bakinta don kada ta zama taɓo. Na biyu, idan yaransa za su sa wa tudun wuta, su gaya mana kwana biyu kafin nan.

Maganar wuta ta fi ɗaukar lokaci. Makiyayi ba don ɓarna yake ƙona ciyawa ba. Tsohuwar ciyawa ta bushe ta zama kara, dabba ba ta ci, in an ƙone sai sabon toho ya fito kore shar, kaska ma ta ragu. Abin da ke kashe kurmi shi ne lokacin da aka sa wutar. Wutar farkon rani, ciyawa da sauran danshi, tafiya take a hankali, ta zo bakin itatuwa ta mutu. Wutar Fabrairu da Maris kuwa, komai ya bushe ƙayau ga iska, tsalle take ta shiga cikin kurmi, kowace shekara ta ci taku biyu ko uku. Arɗo ya fi ni sanin wannan. Shi da kansa ya ce lokacin yana yaro kurmin ya kai har wani dutse da yanzu yake tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawa.

Ya amince da duka biyun. Sharaɗinsa ɗaya: kada a sa waya mai ƙaya a ƙasa-ƙasa inda za ta yanki maruƙa. Muka yi addu'a, muka tashi.

Asabar, 16 ga Disamba

Sharar wuta. Mun nome ciyawa faɗin taku shida, tun daga gindin dutse har ɓauren, muka kwashe ta tas har ƙasa ta fito. Aiki ne mai cin baya, tushen ciyawar tudu kamar an dasa shi da siminti, fartanya biyu suka karye. Da la'asar, iska ta kwanta, yaran Arɗo uku suka zo muka sa wuta daga bakin sharar ta yi waje, muna biye da ita da ɗanyen ganye. Kafin magariba an samu baƙin fili mai faɗi tsakanin kurmi da tudu.

Turakun shinge na turare ne, wani maƙwabci ya ba mu kyauta daga gonarsa. Mutane da yawa na zagin turare, wai baƙo ne daga Ostareliya mai shanye ruwa. Ni ba na zaginsa. Ba don shi ya wadata mu da itacen girki da katakon rufi ba, da gatari ya gama da kurmin nan tuntuni. A dai nisanta shi da idon ruwa.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Furen farar huda bai zube ba. A kan reshe ya bushe, ya koma ruwan ƙasa kamar tsohuwar takarda, ya rungume ɗan ƙwanson da irin ke ciki. Muka shimfiɗa tsofaffin zannuwa a ƙasa, yara maza suka karkaɗa rassa da gora. Na hana a tara na itace ɗaya kawai, ko da ya fi sauran yawa. Daga uwa ashirin muka ɗiba, kowace da ambulan ɗinta da lambarta, don kada abin da za mu dasa ya zama 'ya'yan ɗaki ɗaya, ciwo ɗaya ya kwashe su gaba ɗaya. Kuma ba mu ɗauki fiye da kaɗan daga kowace ba, sauran na ƙasa ne.

Wannan dabara a Ngel Nyaki na koyo ta. A hutun da ya wuce na hau babur na je Yelwa, daga nan na taka zuwa tashar bincike da ke bakin dajin. Gandun daji ne da aka keɓe tun 1969, faɗinsa murabba'in kilomita 46, amma ainihin duhun kurmin bai fi kashi ɗaya cikin shida ba, sauran ciyawa ce. Yana kan tsayin mita 1,400 zuwa 1,600, ruwan da ke sauka a shekara kuwa ya kai wajen milimita 1,800. A can har yanzu akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, irin na Najeriya da Kamaru. Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a ƙasar Niyu Zilan ita ta kafa aikin binciken, mahaifinta kuma ma'aikacin gandun daji ne da ya zaga dazuzzukan wannan yanki yana rubuta itatuwansu a shekarun 1970. Tun 2014 suka ware fili mai kimanin hekta 20, inda duk itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya an rataya masa lamba ana bibiyar girmansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu aikin yau da kullum 'yan ƙauyukan wurin ne. Matasa ne irin ɗalibaina, amma su kalli ganye su faɗa maka sunansa na Latin ba gargada. Na kai busassun ganyayenmu da na matse a cikin tsohuwar jarida, aka gwada su da na ma'ajiyarsu, suka dace. Na kuma ga filayen ciyawa da suka kewaye suka hana wuta da shanu shiga, ƙananan itatuwa na ɗagowa a ciki. Da wannan hoton a kaina na dawo gida.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mako huɗu da shuka. Rumfar reno muka yi da kara a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ƙasar kuwa haɗi ce: baƙar ƙasar kurmi kashi biyu, yashin rafi kashi ɗaya. Irin ƙanana ne, don haka a faranti muka barbaɗa su, muka rufe da ƙasa sama-sama.

Tsiron bai yi yawa ba. Da na fasa wasu ƙwayoyin da farce, da yawa fanko ne, wasu kuma ƙwaro ya riga mu. Ambulan shida ba su ba da ko ɗaya ba. Sauran sha huɗun sun ba mu tsiro tamanin da uku, yau muka mayar da su leda ɗaya-ɗaya. Yarinyar da ta yi mini tambayar nan ita ke riƙe da rajistar, rubutunta ya fi nawa kyau.

Talata, 5 ga Maris

Wuta ta shiga kurmi jiya.

Ana cikin darasi na biyar Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, fito, hayaƙi a rafi." Kafin mu isa ta kama gefen yamma, wanda ba mu yi wa shara ba saboda gonaki ne a wajen, muka ɗauka daga nan babu abin tsoro. Duk hankalinmu yana kan tudun makiyaya. Ashe daga ɓangarenmu za ta zo. Wasu yara ne suka sa wa ramin gafiya hayaƙi a bakin wata gona, iska ta ɗauki wutar ta jefa cikin busasshen karan masara, daga nan sai kurmi.

Ba zan manta ƙarar ba, kamar ana yayyaga sabon yadi. Ɗalibai suka yi layi da bokitai daga ƙorama, manya muna dukan ta da ɗanyun rassa. Muna cikin haka sai ga yaran Arɗo sun gangaro a guje su biyar, ko sandunansu ba su ajiye ba. Su suka san inda za a tare ta. Babbansu ya ce a bar gaban, a bi ta gefe a matse ta zuwa ruwa, haka kuwa aka yi. Wajen la'asar ta mutu.

Yau da safe na zaga. Farar huda huɗu sun ƙone har sama, ciki har da lamba 9, wadda irinta ya fi na kowa tsirowa. Na dafa gindinta, da sauran ɗumi, ɓawon ya ɗaye yana zubar da ruwa. Wasu bakwai sun sha wuta a gefe ɗaya. Gefen gabas da muka yi wa shara ko ganye ɗaya bai yi baƙi ba.

Iyayen yaran sun zo da su har gida. Ban yarda a doke su ba. Na ce su zo ranar Asabar su ga abin da ya ƙone, su kuma ɗauki gwangwanin ban ruwa. Kuskuren da ya fi girma nawa ne, da na yi shara gefe ɗaya na bar ɗaya. Baɗi in Allah ya kai mu, zagaye za mu yi.

'Ya'yan lamba 9 guda goma sha ɗaya suna nan a leda, lafiyarsu ƙalau.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya kai sha uku. Ban ruwa ya koma bayan sallar asuba da kuma daf da shan ruwa. Tsiro bakwai sun mutu, karansu ya ruɓe daidai bakin ƙasa, alamar ruwa ya yi musu yawa. Mun rage, mun kuma ɗaga rumfar don iska ta riƙa ratsawa. Saura saba'in da shida. Yara biyu daga cikin masu farautar gafiya ba su fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Asabar, 4 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai tun bayan ƙaramar salla, tudu ya yi kore kamar an shimfiɗa darduma, hazo kuma ba ya tashi sai hantsi. Gwaibar rafi ta nuna. 'Ya'yan ƙanana ne masu tsoka, tsuntsaye na rububinsu tun da sassafe, sai mun yi sammako muke samun rabonmu.

A nan na yi wani kuskuren da ya kamata in rubuta don wanda zai zo bayana. Ɗibar farko na wanke, na shanya a inuwa kwana goma kamar yadda muke yi wa irin masara, sannan na shuka. Ko ɗaya bai fito ba. Ɗiba ta biyu, da muka murje tsokar muka tura a ƙasa a ranar, ga shi sun fara fasowa. Iri iri biyu ne. Akwai wanda ke jure bushewa, a ƙulle shi a kwalba ya shekara yana barci, irin gero da dawa. Akwai kuma wanda in ya bushe ya mutu, kamar goro da mangwaro, kuma yawancin itatuwan kurmi masu 'ya'ya da tsoka haka suke. Manyan rumbunan ajiyar iri na duniya, irin wanda lambun Kew ke da shi a Ingila, busarwa suke yi su daskarar. Iri mai gudun bushewa ba ya shiga wannan rumbu. Ma'ajiyarsa ita ce uwar da ke tsaye a bakin rafi, da tsuntsun da zai haɗiye shi ya kai gaba.

Gafiya ta gano rumfar. Dare ɗaya ta tone leda goma sha biyu. Baba ya so ya ɗana tarko, na ce mu sa ragar waya mu ɗora ledojin a kan benci. A cikin kurmi gafiya ba ɓarna kaɗai take yi ba, takan kwashi manyan ƙwayoyi ta binne don gobe, wanda ta manta da shi ya tsiro. A Ngel Nyaki an yi nazarin wannan hali nata. Wurinta can ne, rumfarmu ce dai ba mu yarda ta shiga ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Dashe. Mun jira ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, kuma an gama hidimar babbar salla. Farar huda sittin muka fitar, waɗanda suka kai tsawon kamu biyu, sauran sha shida sai sun ƙara ƙwari. Arba'in a cikin shingen gabas, a baki-baki inda iyayensu ke so, taku huɗu tsakanin kowane biyu. Ashirin a gefen yamma inda wuta ta ci. 'Ya'yan lamba 9 mun rarraba su, ba mu tara su wuri ɗaya ba, amma guda ɗaya yaran suka nace sai an dasa a gindin uwar. Na bar su.

Kowane rami mun cire ciyawa kewaye da shi faɗin faifai biyu, muka rufe da busasshen ganye. Ciyawar tudu ita ce babbar kishiyar ƙaramin itace, ta sama ta tare masa rana, ta ƙasa ta shanye masa ruwa.

A hanyar dawowa muka ga abin da ya ɓata mana rai. Can cikin kurmi akwai wani babban itace mai baƙin ɓawo kaca-kaca, Prunus africana, wanda in ka murje ganyensa yake wani ƙamshi mai ɗaci. An ɗaye masa ɓawo zagaye, tun daga gindi har inda hannu ya kai. Ɓawonsa ake sayarwa, a Turai ana haɗa maganin ciwon da ke hana dattawa maza fitsari da shi, kuma saboda yawan ɗibarsa aka sa cinikinsa ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji masu haɗarin ƙarewa, tun 1995. Itace in an yi masa zobe haka ba ya tashi, domin ta cikin ɓawon abinci ke sauka zuwa saiwa. Da gefe biyu aka ɗiba aka bar gefe biyu, da ya warke. Na kai wa Jauro maganar, ya ce zai sa a yi shela ranar kasuwa.

Asabar, 10 ga Agusta

Ruwa ba dare ba rana, hanyar Serti ma sai da dabara. Mun yi nome na biyu kewaye da dashen. Gara ta ci biyar a gefen yamma, uku kuma ruwa ya tafi da su inda gangaren ya zabge. Wani maraƙi ya kutsa ta ƙarƙashin shinge ya tattake biyu. Tun kafin in ji labari yaron da ke kiwon ya zo da kansa ya faɗa, ya kuma kawo turaku biyu muka toshe wurin tare. Saura hamsin.

Gwaibar rafi talatin da takwas a leda, girmansu a hankali yake, ganye huɗu zuwa shida. Ba za su fita bana ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Shekara guda cif, saura kwana biyu. Farar huda ta sake yin fure, ashirin da bakwai a maimakon talatin da ɗaya. Biyu daga cikin huɗun da suka ƙone sun yi toho daga gindi, lamba 9 ba ta cikinsu. Dashenmu arba'in da bakwai ne ke raye, mafi tsayi ya kai mini ƙugu.

Amma abin da na zo rubutawa yau daban ne. Muna cikin duba dashen gabas, ɗaya daga cikin yaran nan masu farautar gafiya ya ƙwala mini kira, "Malam, wannan ba lamba a jikinsa!" Na je na durƙusa. Tsiro ne mai ganye huɗu, siffar zuciya, a wurin da ba mu haƙa rami ba. Muka baje muna dubawa a hankali, kowa yana lura da inda zai sa ƙafa. Goma sha tara muka samu, duk a cikin shinge, duk da kansu suka fito. A waje, inda shanu ke bi, babu ko ɗaya. Ƙasar cikin shingen ta yi laushi, yatsa na shiga, ganye ya rufe sawun kofaton bara.

Wata goma muna fama da faranti da leda da gwangwanin ban ruwa kafin mu samu arba'in da bakwai. Turakun turare da sharar fartanya da alkawarin Arɗo sun ba da goma sha tara ba tare da mun ɗiga musu ruwa ko sau ɗaya ba, kuma saiwarsu ba ta taɓa naɗewa a leda ba. Rumfar reno za ta ci gaba saboda gefen yamma da wuta ta ci, amma bana yawancin ƙarfinmu bakin kurmi zai koma.

Mun kafa wa kowane tsiro ɗan tsinke da jan ƙyalle. Jibi Litinin zan koma ruga da goro, in nemi a ƙara mana daga ɓauren zuwa mashaya, taku ɗari da hamsin. Sharar wuta ranar 30 ga wata, gabas da yamma duka. Ana bukatar fartanya shida, muna da huɗu.